Babi na Biyar: Minti Biyu da Rabi

Me ya sa tallan fim yake fin fim ɗin kansa daɗi? Da wuya a sami mai kallon da bai taɓa yi wa kansa wannan tambaya ba. Ka ga talla a waya, tsigar jikinka ta tashi, ka tura wa abokai, ka yi wata uku kana ƙirga kwanaki. Ranar da fim ya fito ka zauna awa biyu cur, ka tashi kana tsaki, domin ɗan abin daɗin da ke ciki shi ne wanda ka riga ka gani kyauta. Wasu su ce yaudara ce, wasu su ce ai haka kasuwa ta gada. Amsar tana da ɗan tsawo, kuma mai sayar da tumatir zai fi kowa saurin gane ta.

Kayan gwari

Mai hatsi yana iya kulle buhunansa a sito ya jira farashi ya tashi. Mai tumatir bai isa ba. In kwandonsa bai shiga yau da gobe ba, jibi sai juji. Babban fim na Hollywood, irin wanda ake kashe wa dala miliyan 200 ko fiye, kayan gwari ne. A Amurka ranar Juma'a yake fitowa, kuma kafin safiyar Litinin an san ko ya ci kasuwa ko kasuwa ta ci shi. Gidajen sinima ba sa jira. In kujeru sun kwana babu kowa, mako mai zuwa za su rage masa ɗakuna su bai wa wani fim ɗin. Ko wanda ya karɓu, cinikinsa a mako na biyu yakan faɗi da rabi, wani lokaci fiye.

Shi kuma ɗan kallo cinikin biri a sama yake yi. Sai ya biya kafin ya gani, in kuma bai ji daɗi ba babu mai mayar masa da kuɗinsa. To ga kaya masu saurin lalacewa, ga mai saye da ba a nuna masa haja. Aikin masu talla shi ne su sa miliyoyin mutanen da ba su san juna ba su yanke shawara iri ɗaya, a mako ɗaya, kan abin da babu wanda ya gani a cikinsu.

Da can ba haka ake yi ba. Fim mai daraja yakan fara ne a 'yan gidajen sinima na manyan birane kamar New York da Los Angeles, labarinsa ya bi baki, sannan a hankali ya gangara ƙananan garuruwa cikin watanni. A watan Yuni na 1975 kamfanin Universal ya bi wata hanya da fim ɗin Jaws na Steven Spielberg, labarin wani ƙaton kifi mai cin mutane a bakin teku. Ya zuba kimanin dala 700,000 a gajerun tallace-tallacen talabijin ana gab da fitowar fim ɗin, sannan ya sake shi a gidajen sinima sama da 400 a rana ɗaya. Mutane suka yi layi har kan titi. Sauran kamfanoni suka ga hanya, suka bi. Yau babban fim yana buɗewa a gidaje fiye da 4,000 a Arewacin Amurka kaɗai, kuma kuɗin tallansa yakan kai rabin kuɗin shirya shi, wani lokaci ya kamo shi.

Abin da ke bin baya

Masu harkar fim a Kano suna kiran gajeren tallan nan tirela, kalma ɗaya da ta motar ɗaukar kaya. Ba kuskure suka yi ba, asalinsu ɗaya ne: abin da ake ja a baya. A farkon zamanin sinima, sai fim ya ƙare ake haska tallan mai zuwa. Ba a daɗe ba masu gidajen suka lura cewa da zarar an ga ƙarshen labari kowa ƙofa yake nufa, sai aka dawo da tallan gaba, amma sunan ya zauna.

Wanda aka fi danganta farawar da shi wani jami'in talla ne na gidajen sinimar Marcus Loew mai suna Nils Granlund, a 1913. Abin dariya, ba fim ya tallata ba, wasan dandamali ne da ake shirin yi a New York. Bayan 'yan shekaru wani kamfani mai suna National Screen Service ya mamaye sana'ar, ya riƙe ta shekara da shekaru. Tirelolinsa kamar mai tallan maganin gargajiya a ranar kasuwa suke: manyan haruffa suna tsalle a allo, kowane fim shi ne wanda ba a taɓa yin irinsa ba. Daga baya murya ta karɓi aikin haruffa. Wani mutum mai kakkaurar murya, Don LaFontaine, shi kaɗai ya karanta tirela sama da 5,000 kafin rasuwarsa a 2008. Miliyoyin mutane sun san muryarsa ba su san fuskarsa ba.

Ranar da ta tabbata cewa tirela ta zama abin kallo ita da kanta tana cikin watan Nuwamba na 1998. An yi shekara 15 rabon da a ga sabon Star Wars, sai aka liƙa tirelar The Phantom Menace a gaban wasu finafinai, ciki har da Meet Joe Black na Brad Pitt mai tsawon awa uku. Mutane suka sayi tikiti cikakke, suka kalli minti biyu, suka tashi suka bar Brad Pitt da kujeru.

Wanda ya yi zamanin kaset a ƙasar Hausa bai kamata ya yi mamaki ba. Sau nawa aka mayar da kaset baya don a sake kallon tallan da ke farkonsa, wanda galibi waƙa ce da rawa? Kuma sau nawa fim ɗin da aka yi ta jira ya fito bai kai waƙarsa ba, ko ma bai fito ba sam?

Yadda ake ɗinka ta

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, yawanci ba daraktan fim ne yake haɗa tirelarsa ba. Akwai kamfanoni na musamman, akasarinsu a Los Angeles, waɗanda ba su da wata sana'a sai wannan. Kamfanin fim yakan bai wa biyu ko uku daga cikinsu hotuna iri ɗaya, kowa ya yanka nasa, a nuna wa mutanen da aka tsinto a tambaye su: za ka je kallo ko ba za ka ba? Wadda ta fi samun "zan je" ita ke fita, ko a cire kan wannan a haɗa da wutsiyar waccan. Darakta yana son a fahimci labarinsa. Mai tirela yana son ka sayi tikiti. Ba kullum buƙatun nan biyu suke haɗuwa ba.

Ƙa'idar da ƙungiyar manyan kamfanonin fim ta Amurka ta taɓa kafawa ita ce kada tirelar sinima ta wuce minti biyu da rabi, sai dai ana ɗaga wa kowane kamfani ƙafa sau ɗaya a shekara. Cikin wannan ɗan lokaci za a tace fim na awa biyu. A nan rabin amsar tambayarmu take. Kowane fim, komai lalacewarsa, ba ya rasa minti biyu masu kyau. Mai tumatir ma ba ya rasa manya goma da zai jera a saman kwando. Tirela ba ta da wurin da jarumi zai tsaya dogon bayani, ba ta da tsakiyar labari inda abubuwa ke jan ƙafa. Barkwancin da ya fi ban dariya, fashewar da ta fi girma, kallon da ya fi ratsa zuciya, duk an tsamo su an jera kusa da juna. Mai tsire yana ba ka ɗanɗano daga inda ya fi kitse da yaji, kuma yana ba ka ne lokacin da kake jin yunwa.

Jerin kuwa yana da tsari, in ka gane shi sau ɗaya ba za ka daina ganinsa ba. Ana farawa a hankali: ga gari, ga jarumi, ga zaman lafiya. Sai wani abu ya ɓaci. Daga nan hotuna su fara gajarta, allo yana baƙi yana dawowa kamar ƙiftawar ido, kiɗa yana hawa, har a kai inda komai ke rugujewa lokaci ɗaya. Sai tsit. Sunan fim ya bayyana. Kana shirin ajiye numfashi, a jefo maka wata 'yar raha ko abin firgita na daƙiƙa uku, don ka tashi da shi a ka.

Kiɗa ne ke ɗauke da nauyin duka. Rufe sautin wayarka ka kalli kowace tirela, za ka ga ta zama hotunan da ba su san juna ba. Sau da yawa kiɗan ma ba na fim ɗin ba ne, domin lokacin da ake haɗa tirela ba a rubuta na fim ba tukuna. Shekarar 2010 ta bar wa sana'ar gado biyu. Tirelar Inception ta zo da wani ruri mai kauri, kamar an busa kakaki a cikin rijiya, kuma shekaru bayan nan kusan duk fim ɗin faɗa sai ya yi wannan ruri. Tirelar The Social Network, labarin kafa Facebook, ta ɗauki wata sananniyar waƙar Radiohead ta sa a bakin ayarin 'yan mata mawaƙa daga Beljiyam, suna rera ta a hankali cikin sanyin murya. Tun daga nan aka buɗe ƙofar ɗauko tsohuwar waƙa a rage mata gudu a mayar da ita abin tsoro ko tausayi. Dabarar ta tsufa har ta gundura, amma ba a daina ba, saboda kunne yana saurin sakin jiki da abin da ya sani.

Wayar hannu ta ƙara nata. Tunda YouTube yana barin mutum ya tsallake talla bayan daƙiƙa biyar, sai aka fara liƙa wa tirela wata 'yar ƙaramar tirela a gabanta, mai daƙiƙa biyar, tana roƙon ka tsaya. Talla ke nan ake yi wa talla.

Wani lokaci har wutsiya takan ja raƙumi. A farkon 2016 tirelar Suicide Squad ta fito cike da raha da launi, a kan wata waƙar Queen, mutane suka yi na'am da ita. Matsalar ita ce fim ɗin da David Ayer ya ɗauka ya fi haka duhu. Sai kamfanin Warner ya nemi taimakon kamfanin da ya yi tirelar wajen sake yanka fim ɗin kansa don ya yi kama da tallansa. Kuɗi ya shigo, masu sharhi kuwa suka yi masa kaca-kaca.

A faɗa ko a ɓoye?

Ƙorafin da aka fi yi shi ne tirela tana tona labari. Tirelar Cast Away ta 2000 ta nuna ƙarara cewa Tom Hanks ya kuɓuta daga tsibirin da ya maƙale, alhali wannan ita ce tambayar da fim ɗin ya rataya a kai. Daraktan, Robert Zemeckis, bai musa ba. Ya ce binciken kasuwa ya nuna mutane suna son sanin ainihin abin da za su gani kafin su biya, ya kwatanta abin da masu zuwa McDonald's, waɗanda suka san ɗanɗanon abincin tun kafin su shiga. Maganar ba ta da daɗin ji, amma ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Masu kukan an tona musu labari su ne waɗanda da ma za su je. Tirela ba don su aka yi ta ba. An yi ta don mai wasi-wasi, wanda ke auna kuɗin tikitin iyali da na abinci da na mota, yana son tabbacin ba zai yi asara ba.

Kamfanin Marvel ya bi ta ɗaya hanyar, yana ɓoyewa har da ƙarya. A tirelar Avengers: Infinity War an ga Hulk yana gudu tare da sauran jarumai a dajin Wakanda, hoton da babu shi a fim ɗin. A ta Spider-Man: No Way Home an goge tsofaffin jarumai biyu da suka taɓa fitowa a matsayin Spider-Man da kwamfuta don kada a san sun dawo, sai dai a wadda aka saki a Brazil an ga kan wani mugun ƙadangare na fim ɗin ya karkace kamar an naushe shi, kuma babu kowa a gabansa. Masoya suka yi ta maimaita wurin, asiri ya tonu, kuma tonuwar ta zama wani sabon tallan.

Ina iyakar wannan wasa? Kotu ta taɓa shiga. Wasu mutum biyu a Amurka sun biya dala 3.99 kowannensu suka kalli fim ɗin Yesterday saboda sun ga jaruma Ana de Armas a tirela, ashe an cire ta gaba ɗaya. Suka kai Universal ƙara. Kamfanin ya ce tirela aikin fasaha ce, tana da 'yancin faɗin albarkacin baki. A watan Disamba na 2022 alƙali Stephen Wilson ya ce tirela talla ce, dokar hana tallan ƙarya tana hawa kanta. Masu ƙarar ba su sami miliyoyin da suka nema ba daga ƙarshe, amma maganar alƙalin ta shiga kunnen lauyoyin kamfanoni.

Akwai kuma wanda ya ƙi wasan baki ɗaya. A watan Yuli na 2023 kamfanin Studio Ghibli ya saki The Boy and the Heron na Hayao Miyazaki a Japan ba tirela, ba bayanin labari, sai fasta guda ɗaya mai zanen tsuntsu. Mutane suka cika sinima. Amma sunan Miyazaki a Japan ya fi kowace tirela ƙarfi, kuma da fim ɗin zai ƙetara Amurka sai da aka yi masa tirela kamar kowa.

Bushiya mai haƙoran mutum

Intanet ta sa tirela ta zama ma'auni. Ana ƙirga sau nawa aka kalle ta a awa 24 na farko, a buga a jarida: Avengers: Endgame miliyan 289 a 2018, No Way Home miliyan 355 a 2021, Deadpool & Wolverine miliyan 365 a 2024. Kamfanonin ne da kansu suke fitar da waɗannan alƙaluma, suna haɗa na kafofi daban-daban, don haka a karɓe su da hannu ɗaya. Abin da ya fi lamba amfani shi ne abin da mutane ke cewa.

Ƙarshen Afrilu na 2019 kamfanin Paramount ya saki tirelar Sonic the Hedgehog, shuɗiyar bushiyar nan ta wasan kwamfuta. An yi mata ƙananan idanu, dogayen ƙafafu da haƙora irin na mutum. Duniya ta yi ca. Cikin kwana biyu darakta Jeff Fowler ya fito ya ce sun ji, za a gyara. Aka ɗage fim daga Nuwamba zuwa Fabrairu na 2020, aka sake zana bushiyar, fim ya tara fiye da dala miliyan 300, ya haifi na biyu da na uku. Da a zamanin Jaws ne, sai ranar Juma'a za su ji wannan labari, lokacin da bakin alƙalami ya bushe.

Ruwan hoda ko'ina

Tirela ita ce amarya, amma ba ita kaɗai ce bikin ba. Akwai fasta, akwai yawon jarumai gidajen talabijin da birane, akwai taron Comic-Con na San Diego inda ake nuna wa 'yan gani-kashe-ni hotunan farko. Akwai wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, Super Bowl, inda daƙiƙa 30 ta kai kusan dala miliyan 7 a 2024. A can ne a 1996 aka nuna jirgin baƙin halittu yana tarwatsa Fadar White House, wata biyar kafin fitowar Independence Day. A Indiya waƙoƙi ne ke riga fim fita, kuma a 2023 an haska tirelar Pathaan ta Shah Rukh Khan a jikin Burj Khalifa na Dubai. Darakta Rajamouli kuwa bai buƙaci dogon gini ba. Ya rufe Baahubali na farko a 2015 da amintaccen bawa Kattappa yana soke ubangidansa, ya bar mutane kusan shekara biyu suna tambayar dalili, har na biyu ya fito a 2017.

Barbie na 2023 ya kai abin maƙura. An kiyasta kuɗin tallansa ya kai dala miliyan 150, wato ya ɗan ɗara na shirya fim ɗin. Kamfanoni sama da 100 suka shigo da takalma, tufafi, kayan kwalliya da abinci, duk ruwan hoda, kowa yana tallan hajarsa yana tallata fim da kuɗin aljihunsa. Har aka kafa alluna a kan titi babu hoto babu suna, sai launin da kwanan wata, 21 ga Yuli. Sannan aka yi dace: Oppenheimer, labarin wanda ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya, ya faɗo rana ɗaya da fim ɗin 'yar tsana Barbie. Bambancin ya ba mutane dariya, suka yi ta haɗa hotunan biyu, suka mayar da kallon duka biyun a yini ɗaya abin yayi. Babu kamfanin da ya tsara wannan. Barbie ya tashi da fiye da dala biliyan 1.4.

Kada a ɗauka sai mai kuɗi. A 1999 masu The Blair Witch Project, fim ɗin da aka ɗauka da ɗan kuɗi kaɗan, suka buɗe shafin intanet suka raba takardun cigiya kamar da gaske ɗalibai uku sun ɓace a daji. Ya tara kusan dala miliyan 250.

Daren Juma'a

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma kamfanonin fim sun fi kowa yarda da haka. Makonni kafin fitowa suna sayen binciken da ke nuna mutum nawa suka ji labarin fim, nawa suka ce shi ne zaɓinsu na farko. Yammacin Alhamis ake fara haskawa. Daren Juma'a ma'aikatan wani kamfani mai suna CinemaScore suna tsayawa a ƙofofin sinima a wasu birane, suna karɓar makin da 'yan kallo suka bayar, kamar na jarrabawa. Makin yana auna tazarar da ke tsakanin abin da tirela ta yi alkawari da abin da aka tarar. Daga wannan dare magana ta bar hannun masu talla, ta koma bakin wanda ya fito daga sinima yana kiran abokinsa.

Safiyar Lahadi za a sanar da cinikin kwana uku, jaridu su buga, a yi ta taya murna. Sai dai kuɗin da aka sanar ba shi ne ke shiga asusun kamfani ba. Gidan sinima yana da kasonsa, mai rarrabawa yana da nasa, kuɗin tallan nan ma bashi ne da za a cire. Harry Potter and the Order of the Phoenix ya tara kusan dala miliyan 940 a duniya, amma wata takardar lissafin Warner da ta ɓulla a 2010 ta nuna shi da asarar dala miliyan 167. A babi na gaba za mu bi kuɗin tikiti guda ɗaya daga tagar mai sayarwa, mu ga hannu nawa yake ratsawa da inda yake maƙalewa.